Sarƙar da ke Cikin Kalmasar Rigata

Al-Sih, Madina,
cikin watan Sha'aban.

Zuwa ga Inna Kaltuma mai ɗinki, a Anjamena.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kina lafiya, ke da Baba Adam da duk mutanen gida.

Inna, ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki. Ni ce Safiyya, jikar Hajiya Mairo ta gidan da ke kallon naku, wadda kike kira "mai ido a ƙasa". Duk zaman da muka yi a layi ɗaya ban taɓa fara yi miki magana ba, sai dai ki tambaya in gyaɗa kai. Yau ga shi na cika takarda ba a tambaye ni ba. Na san ba ke za ki karanta da kanki ba, wani ne zai karanta miki, wataƙila a tsakar gida mutane na ji. Ina gaida shi, ina roƙon ya bi a hankali, kada ya tsallake komai. Idan kin ji Larabci ya kutso cikin Hausata, kin san yadda bakinmu yake a nan.

Wani abu ne ya faru da rigar da kika ɗinka mini, kuma ke ce kika fi kowa haƙƙin ji.

Kin san bayana. Tun ina firamare ƙashinsa ya fara karkacewa, kafaɗar dama ta hau, ƙugun hagu ya turo. A titi abaya na rufa mini asiri. Amma a makaranta da an shiga ƙofa ake cire abaya, a rage daga ke sai mariyul, doguwar rigar nan da kowace ɗaliba ke sawa. Duk wadda aka saya mini sai ta ɗage ta gefe ɗaya, ta ja ƙasa ta ɗayan. 'Yan mata suka sa mini suna "mayila", wato karkatacciya. Ba su faɗa da ƙarfi, amma ina ji. Na iya zaman kujerar baya, na iya jingina da bango lokacin hutu. A shekarar da zan shiga sakandare na gama yanke shawara a zuciyata cewa zan bar karatu. Kullum da safe ina ce wa Ummi, mahaifiyata, kaina na ciwo.

Sai ranar da kika shigo gidanmu neman ƙanƙara, kika same ni tsaye da mariyul ɗin, Kaka na jan gefensa ƙasa yana komawa. Kika ajiye kwanonki, kika ce, "Hajiya, wane mara tsoron Allah ne ya yi wa yarinyar nan wannan ɗinki?"

Inna, likita ya duba ni, malamai sun yi mini addu'a, 'yan uwa sun yi mini sannu. Kowa ni yake kallo yana neman abin da ya lalace. Ke kaɗai kika kalli rigar.

Ina tuna ɗakinki na saman bene, da ƙamshin man keke da na turaren wuta, da guntayen yadi a ƙasa. Almakashinki na rataye a wuyanki da wani tsohon ƙyalle. Na zata za ki auna ni ki rubuta, kamar telan kasuwa. Sai kika yafa mini yadin a jiki, kika cika bakinki da allurai masu kai, kika fara yanka a kaina. Na ƙame. Kika ce ta gefen baki, "Yi numfashi, ya binti. Gawa ake yi wa ɗinki ba numfashi."

A nan kika fara ba ni labarin matar nan ta Faransa, don in manta da tsoron almakashi. Kika ce ba ki taɓa ganinta ba. Lokacin kina budurwa, garinku na amsa tsohon sunansa na zamanin Faransawa, kin yi aiki a gidan wata madam mai ɗinki wadda ta koyi sana'ar a Paris. Ita ce take ba ki labarin, tana nuna miki hotuna a mujallu, kina guga kina saurare.

Kika ce matar da ke cikin hotunan marainiya ce. Uwarta ta rasu tana ƙarama, aka kai ta gidan marayu na matan coci, a can ta koyi riƙe allura. Launin da ta buɗe ido ta gani a can baƙi ne da fari, kuma har ta tsufa ba ta rabu da su ba. Ta fara da huluna. A lokacin matan ƙasarsu na ɗora wa kansu huluna kamar faifan talla, da gashin tsuntsu da furanni, ita kuwa ta yi nata ba tarkace. Kika ce matan na ɗaure cikinsu da wani abu mai ƙarafa har numfashi ya gagara, mace ba ta iya sunkuyawa ta ɗauki abin da ya faɗi. Sai wannan marainiya ta ɗauko yadi mai taushi mai miƙewa, irin wanda ake yi wa maza rigar ciki da shi, wanda manyan teloli ke raina wa, ta yi wa mata rigunan da za su yi tafiya a ciki. Ta sa musu aljihu. Ta ɗauki baƙi, launin zaman makoki a wurinsu, ta mai da shi kayan fita. Kika ce ba a takarda take aikinta ba, a jikin mutum take yi, da almakashi a wuya, kuma takan farke hannun riga ta sake, ta kuma farkewa, har sai mai rigar ta iya ɗaga hannu ba abin da ya ja ta. A kan aikin ta tsufa, a kansa ta mutu.

Na tambaye ki, da ƙyar, ko kyakkyawa ce. Kika ce, "Siririya ce kamar sandar rake. Ba ta da jikin da ake yayi a lokacin. Sai ta yi wa jikinta riga, duniya ta biyo ta."

Na yi kwanaki ina juya wannan magana.

Hammatar ce ta fi cin lokaci. Ta dama daban kika yanka, ta hagu daban. Kika cusa 'yar auduga a kafaɗar da ta sauka. Kika ce, "Ɗaga hannu. Sama. Kamar za ki amsa tambaya a aji." Na ce ni ba na ɗaga hannu a aji. Kika zare allura daga bakinki, kika dube ni, kika ce, "To rigar dai za ta iya. Saura ke."

Kika yi mini aljihu a ɓoye cikin ɗinkin gefe, ko da yake mariyul ɗin sauran ba shi da shi. Kika ce hannun mai kunya na son wurin zama.

Amma duk da haka gefen hagu na ɗagewa kaɗan idan na yi tafiya. Kika zagaya ni kina tsaki. Can kika ce matar nan tana da wata dabara: takan ɗinke siririyar sarƙa a cikin bakin rigunanta ta ƙasa, nauyin ya riƙa jan yadin, rigar ta zauna daidai ko mai ita na motsi. Kika ce in tafi gida, za ki san abin yi. Da na dawo karɓa, kalmasar a rufe take, ɗinkin ƙanana kamar ƙwayar riɗi. Na ji nauyin a gefen hagu, amma ban ga abin da ke ciki ba, ban kuma tambaya ba. Na tsaya gaban madubinki mai tsaga. Rigar ta sauka tun daga kafaɗa har idon sawu, ba ta karkata ko'ina ba. Kika ce, "Ba ɓoye ki na yi ba, ki ji da kyau. Rigar ce na koya wa bin ki."

Ba a daɗe ba aikin Baba Adam a gonar dabino ta Al-Awali ya ƙare, kuka haɗa kaya. Ranar tafiya matan layi suka cika ƙofar gidanku. Kina tsaye bakin mota da baƙar jakarki ta fata, wadda madam ta ba ki, wadda kike ce wa 'yar Paris, kin matse ta a hammata. Na zo da magana cike da bakina. Na sumbaci kanki, na koma bayan Ummi. Mota ta tashi.

Ban bar makaranta ba, Inna. Ciwon kai ya warke. Wata rana a darasin nahawu na san amsa, ba wadda ta sani, na ji hannuna ya tashi. Rigar ba ta ja ni ba. Malamar ta duba bayan aji kamar ta ga baƙuwa.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto.

A watan jiya, a layin safe, malamar da ke duba mu tana bi tana kallon farce da tsawon riga. Ta zo kaina ta sunkuya ta kama bakin mariyul ɗina don ta ga ko ya rufe idon sawu. Sai na ga hannunta ya tsaya. Ta murza kalmasar da yatsu biyu, ta sake murzawa. Ta miƙe fuskarta ta canza, ta ce in biyo ta.

A ofishin shugabar makaranta, wadda muke kira Mudira, ta ce ta sami abu mai tauri a ɗinke cikin rigata, a gefe ɗaya, a ɓoye. Ta ce laya ce. Ta ƙara da wata magana a kan mutanenmu Hausawa, cewa an san mu da irin wannan. Ni da aka haifi kakana a garin nan.

Mudira ba ta yi mini tsawa ba. Ta ce in zauna. Ta ce na san abin da muka karanta a darasin tauhidi game da rataya laya, kuma ba za ta iya kau da kai ba. Za ta aika a kira mahaifina, zan zauna a gida har a bincika, ko da hakan zai kai ga jarrabawar ƙarshen shekara ta wuce ni. Sannan ta ce, "Wa ya ɗinka miki? Idan akwai matar da ke yi wa 'yan mata wannan a unguwa, dole iyaye su sani."

Inna, kin ɗinka wa rabin matan Al-Sih. Na hango sunanki yana yawo daga gida zuwa gida, ana farke rigunan amare ana neman abin da kika binne, ke kuma kina can nesa ba ki da bakin kare kanki. Na hango kujerata a aji ba kowa.

Na san gaskiyar magana, kuma gajeruwa ce. Amma idan na ce sarƙa ce, za a ce ta mece ce. Idan na ce don rigar ta daidaita, za a ce me ya karkatar da ita. Malaman nan ba su san ni da wata riga ba sai taki, ba su san komai game da bayana ba. Ba yadda zan wanke ki sai na nuna abin da na yi shekaru ina jingina shi da bango.

Hannuna na cikin aljihun da kika yi mini. Na fito da shi. Na ji wata murya ta ce, "Abla," yadda muke kiran malamai, "a ba ni almakashi." Tawa ce.

Aka kira malamar ɗinki, wata 'yar Masar mai fara'a, ta zo da ƙaramin almakashinta. Na tashi na ɓalle maɓallai, na cire mariyul ɗin, na tsaya da 'yar shimi. Na juya musu baya. Ban taɓa yin haka a gaban kowa ba sai ke da Ummi da likita. Na bar su suka gani sosai, sannan na shimfiɗa rigar a tebur na farke kalmasarki. Ki yafe mini, ina yanka zaren ina jin kamar naman jikina nake yanka. Sarƙar ta zamo ta faɗi a kan gilashin teburin. Ba takarda, ba fata, ba rubutu. Na mai da rigar jikina ba sarƙar, na yi taku zuwa ƙofa na dawo. Gefen hagu ya ɗage a gabansu.

Daga nan bakina ya ɓalle. Na ba su labarin marainiyar Faransa da Larabci, da gidan matan coci, da hulunan, da yadin rigar ciki, da sarƙar. Na ce wadda ta ɗinka mini mace ce mai salla, ba ta taɓa ce mini ƙarfe na tsare mutum ba, ta ce yana jan yadi ne kawai. Ban san na iya magana mai tsawo haka ba. Ina jin har abin da ba a tambaye ni ba na faɗa.

Malamar ɗinki ta ce lallai ta taɓa ganin irin wannan a Alƙahira, cikin rigunan matan masu hali. Ta juya gefen rigar ta duba shafin, ta bi hammatar da yatsa, ta taɓa audugar kafaɗa. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Ya habibti, wadda ta yi wannan tana son ki."

Mudira ta ce alhamdu lillahi. Ta ce wajibinta ne ta tambaya, ni ma na yarda da haka, don da laya ce da gaskiyarta. Ta ce ba sai an kira mahaifina ba, kuma ba ta bukatar sunan kowa. Malamar da ta kawo ni kuwa, ita ta zo ta ɓalla mini maɓallin wuya, ta gyara mini kafaɗa, ta ce "ma'alesh", wato yi haƙuri, a hankali yadda ni kaɗai zan ji. Mudira ta turo mini sarƙar ta ce, "Ɗauki kayanki, ki wuce aji, kin makara."

A lokacin ne na dube ta da kyau.

Siririya ce, ruwan tagulla, akwai zobe ɗaya a tsakiya da aka ɗaure da waya. Na san wannan wayar. Na sha kallonta a kafaɗarki idan za mu Harami, ina bayanki, ido a ƙasa. Maratayin 'yar Paris ne. Sai na tuna ranar tafiyarku, da yadda kika matse jakar a hammata kina gaisawa da hannu ɗaya. Duk layi mun gani, ba wanda ya tambaya. Abu ɗaya da kika zo da shi daga ƙuruciyarki, kika cire masa marataya kika binne a rigar 'yar maƙwabta, kika rufe, ba ki faɗa ba.

Ban yi kuka ba lokacin da aka ce laya ce, ban yi ba lokacin da na cire riga. A nan na yi, a ƙofar ofis, sarƙar a tafin hannuna.

Bari in ba ki dariya kuma. Da na koma gida na faɗa musu, Kaka ta karɓi sarƙar ta juya ta, ta kai kusa da ido. Ta ce, "Sarƙa ce kawai? Ni da nake wanke rigar nan da bismilla, ina shanya ta can sama kada ta taɓa ƙasa!" Ashe tun wankin farko ta ji abin, ta ɗauka laya ce, ta yi gum, tana yi miki addu'a a ɓoye. Abbana ya riƙe baki ya ce, "Haba Hajiya, a garin Manzon Allah?" Ta ce, "Kai dai rufe mini baki. Yarinya ta daina ciwon kai ko ba ta daina ba?" Abba ya yi ta yi mata wa'azi har shayi ya huce, tana cewa ta ji, ta tuba. Har yanzu dai ba ta yarda a shanya rigar a igiyar ƙasa ba.

Labari ya bazu a makaranta, kin san 'yan mata. Yanzu kowa ya san bayana. Wasu na kallo, ɗaya ko biyu sun dawo da tsohon sunan. Na zata zan mutu idan haka ta faru. Ban mutu ba. Na ma dawo kujerar tsakiya, don a baya ba a jin malamar lissafi.

Na mai da sarƙar wurinta da hannuna. Ɗinkina bai kai naki ba, ya fi kama da ƙwayar wake, amma ya riƙe. Na yi tunanin in aiko miki da ita, don taki ce. Ki yi haƙuri, Inna, ban iya ba tukuna. Jarrabawa na tafe kuma ina son in shiga da ita. A madadinta na ɗinka wa 'yar Paris marataya da baƙin yadi, na ninka shi sosai don ya yi ƙarfi, na sa maɗauri a kowane baki. Yana cikin ƙullin da mai kawo wannan takarda zai ba ki, tare da dabinon ajwa daga Ummi da turare daga Kaka. Idan ya yi muni kada ki rataya, ba zan ji haushi ba. Amma na farke shi na sake har sai da ya kwanta.

Wani lokaci ina tunanin matar nan ta Faransa. Ba ta san akwai unguwa mai suna Al-Sih ba. Al'amarinta na wurin Allah, ban san komai game da zuciyarta ba. Amma dabararta ta bi ta hannun madam, ta bi ta hannunki, ta ƙetare hamada da teku, ta zo ta zaunar da ni a aji. Na gode mata gwargwadon abin da ya dace. Ke kuwa ban san gwargwadon da zan gode miki ba. Wannan ce maganar da ta cika bakina a bakin mota.

Allah Ya ƙara wa idonki haske, Ya kare yatsunki daga ciwo. Allah Ya suturta ki duniya da lahira kamar yadda kika suturta ni. Ya ba ƙasarku zaman lafiya, Ya ba Baba Adam lafiya, Ya sake kawo ku garin Manzo, mu tafi Harami tare, wannan karon ina gefenki. Na yi miki addu'a a Rauda ranar da aka buɗe wa mata, na ambaci sunanki a fili.

Abu na ƙarshe. Akwai wata yarinya 'yar ajin ƙasa da mu, sunanta Huda, hannunta na hagu ya ƙone tun tana jaririya, ba ya miƙewa. Ta same ni lokacin hutu, ta daɗe tsaye tana kallon ƙasa, sannan ta tambaye ni wa ya yi mini riga. Na ce ta yi nisa. Ta juya za ta tafi, sai na ji na ce mata ta zo gidanmu da yadinta. Na rataya almakashin Ummi a wuya, na yafa mata yadin, na ce ta yi numfashi. Jikin rigar ya zauna. Hammatar ce ta gagare ni, na farke har yadin ya fara gajiya, kuma na yi mata alkawari.

Shi ya sa nake roƙo, Inna, idan ban cika ki da surutu ba, ki ba ni izini in sake rubuto miki, in zana hannun nata yadda yake, ki faɗa mini ta inda ake fara yanka. Ko da baki ne ki ba mai kawo takardar amsa. Idan kin ce e, ya isa.

'Yarki mai gaishe ki da ladabi,
Safiyya, jikar Hajiya Mairo.